Lakwaja da Tsohuwar Abuja a Madubin Tarihin Nagasaki: Fatauci, Mishan da Mulki

Maƙalar da aka gabatar a taron nazarin tarihi a Suleja, Jihar Neja

Muƙaddima

 

Duk wanda ya yi nazarin garuruwan bakin ruwa, inda jiragen Turawa suka riƙa tsayawa tun daga ƙarni na 16 har zuwa ƙarshen na 19, zai tarar cewa abubuwa uku ba safai suke rabuwa a cikin jirgi guda ba, watau hajar ɗan kasuwa, da littafin mai wa'azi, da bindigar mai neman mulki. Mas'alar da ta fuskanci kowane sarki da jirgin ya tsaya a gaɓarsa ita ce, shin zai iya karɓar na farko, ya iyakance na biyu, ya tsare kansa daga na uku? Manufar wannan maƙala ita ce ta duba jawabin da aka bayar a wurare uku: Nagasaki ta ƙasar Japan, da Lakwaja ƙarƙashin inuwar sarakunan Bida, da wannan gari da muke zaune a cikinsa, sa'ad da yake amsa sunan Abuja. Daga nan sai ta kafa hujja cewa kufan majami'u da situna da kaburbura da ke Lakwaja wani babi ne na tarihinmu, wanda kiyaye shi ya hau kanmu.

Fasali na ɗaya: Abin da ya auku a Japan

A shekarar 1543 wasu 'yan Fotugal suka sauka tsibirin Tanegashima ɗauke da bindigogi, kuma ba a jima ba maƙeran ƙasar suka kwance su, suka gane sirrinsu, suka shiga ƙera nasu. A 1549 Francis Xavier ya iso da wa'azin Kirista, a shekara mai bi kuma jirgin Fotugal ya shiga tashar Hirado. Sarakunan yankunan kudu, waɗanda suke gaba da juna, kowa yana kwaɗayin silikin Sin da albarushi, da suka lura cewa jirgin yana karkata ne zuwa gaɓar da aka yi wa limaminsa maraba, sai wasunsu suka karɓi addinin. Omura Sumitada ya shiga Kiristanci a 1563, aka buɗe tashar Nagasaki a ƙasarsa a 1571, a 1580 kuma ya miƙa garin kacokan ga limaman ƙungiyar Jesuit.

Wannan miƙa gari shi ne ya farkar da masu haɗa kan daular. Hideyoshi ya yi umarnin korar limamai a 1587, aka gicciye Kiristoci 26 a Nagasaki a 1597, gidan Tokugawa ya haramta addinin baki ɗaya a 1614, bayan tawayen Shimabara na 1637 zuwa 1638 kuma aka kori 'yan Fotugal a 1639. Mutanen Holan, da suka buɗe gidan ciniki a Hirado tun 1609, su kaɗai aka bari daga cikin Turawa, domin tijara ta kawo su, ba su zo da mai wa'azi ba. Amma duk da haka a 1641 aka kwashe su zuwa Dejima, wani ɗan tsibiri da aka cike a bakin Nagasaki, mai gada guda da masu gadi a kanta. Dejima ta zama kamar zauren gidan Bahaushe: a nan ake saukar baƙo, a gaisa, a yi ciniki, a ji labarin duniya daga bakinsa, amma ba ya ƙetare shi zuwa cikin gida. Ta wannan zaure littattafan likitanci da na ilimin taurari da na taswira suka shiga, aka sami wani jinsi na malamai da suka koyi harshen Holan musamman don su karanta su.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa azabar da aka gana wa Kiristocin Japan zalunci ce, domin tilasta wa mutum a cikin abin da zuciyarsa ta ƙudurta abu ne da hankali da shari'a suka ƙi. Tarihi kuma ya nuna ba ta cim ma gurinta ba. Bayan jiragen Amurka sun tilasta buɗe ƙasar a 1854, aka gina majami'ar Oura a Nagasaki, sai ga wasu ƙauyawa a 1865 sun zo sun bayyana wa limaminta cewa su da kakanninsu sun ɓoye wannan addini kusan shekara 250 ba tare da limami ba.

Fasali na biyu: Lakwaja, mahaɗar Kwara da Binuwai

A daidai waɗannan shekaru da ake buɗe Japan da ƙarfi ake buɗe kogin Kwara. 'Yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun bi kogin daga Busa har teku a 1830, suka tabbatar wa Ingila cewa akwai hanyar ruwa zuwa ƙasashen da ada sai an keta Sahara ake isa gare su. A 1841 gwamnatin Ingila ta turo jirage uku masu tafiya da tururi, da niyyar hana cinikin bayi ta hanyar noma da fatauci da wa'azi. Suka karɓi fili a mahaɗar kogunan daga hannun Attah na Igala, suka kafa gonar gwaji, amma zazzaɓin cizon sauro ya kashe kusan sulusin Turawan, shirin ya watse. A cikin ayarin akwai mutum biyu da sunansu ya daɗe: Samuel Ajayi Crowther, Bayaraben da aka 'yanto daga jirgin bayi, da J. F. Schön, Bajamushen da tun daga wannan tafiya ya sa kansa ga nazarin Hausa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne tafiyar 1854, lokacin da Dokta Baikie ya shiga Binuwai da jirgin Pleiad, yana shayar da mutanensa maganin kwini kullum, ya komo ba a rasa rai ko ɗaya ba. Daga nan zazzaɓi, wanda ya daɗe yana tsare wannan ƙasa fiye da yadda ganuwa take tsare birni, ya rasa kaifinsa. Jirgin da Baikie ya sake dawowa da shi, Dayspring, ya fashe a kan duwatsu kusa da Jabba a 1857, amma a wannan shekarar ƙungiyar CMS ta kafa tashoshin mishan a Anaca da Gbebe, wajen 1860 kuma Baikie ya zauna a Lakwaja, gindin dutsen Patti, da yardar Etsu Masaba na Nufe. Ya buɗe kasuwa, ya fanshi bayi ya zaunar da su, ya yi hukunci, ya yi magani, ya fassara Zabura da Hausa, a 1862 kuma ya taka har Zariya da Kano. An naɗa Crowther Bishop a 1864, a 1865 aka kafa makarantar Holy Trinity a Lakwaja, limaman Katolika kuma suka iso a 1884.

Garin da ya tsiro a nan tarkace ne na al'ummu: Oworo masu ƙasa, da Nufawa, da Kakanda masu kwale-kwale, da Igala, da Yarabawa, da 'yantattun bayi daga Saliyo, da fataken Hausa. Madugu yakan sauko da ayarinsa ɗauke da hauren giwa da kanwa da fatu da tufafin saƙi, Nufawa su kawo man kaɗanya, a koma da gishiri da yadi da wuri da duwatsun ado, wanda ya sami hanya kuma ya haɗa da bindiga da albarushi. Hausa ta zama harshen da waɗannan al'ummu suke ciniki da shi, shi ya sa duk Baturen da ya nufi Arewa, ko ɗan kasuwa ko ɗan mishan ko soja, a nan yake fara gwada harshensa.

Fasali na uku: Siyasar sarakunan Bida

Masaba, wanda ya riƙe Bida daga 1859 zuwa 1873, ya yi tadbiri mai kama da na Tokugawa, ko da yake da sassauci mai yawa. Ya ɗauki Turawan a matsayin baƙinsa masu amana, ya tsaya kan a tattara cinikinsu a Lakwaja da Egga, ya hana su wucewa su yi mu'amala kai tsaye da na bayansa, domin bindiga da albarushi su bi ta hannunsa. Bai kori 'yan mishan ba, bai kuma sakar musu ƙasa ba: Crowther yakan je Bida da gaisuwa da kyauta, a karɓe shi da girma, a ba shi wurin zama a gefen ƙasa tsakanin waɗanda ba Musulmi ba. Crowther kuwa ya san haddinsa, yana magana da sarakuna da malamai cikin ladabi. Amanar da ke tsakaninsu ta kai har Etsu Maliki, a cikin shekarun 1880, ya aika da takarda zuwa ga Crowther, yana roƙonsa ya isar da kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa, domin tana lalata masa jama'a. Sarki Musulmi ya nemi taimakon Bishop a kan 'yan kasuwa, abin da yake nuna cewa magabatanmu sun iya rarrabe baƙi, ba su yi musu kuɗin goro ba.

Tsarin ya rushe ne ta wajen tijara. Muddin kamfanoni suna da yawa suna gasa, sarki ne mai zaɓi. Amma da George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila a 1879, ya saye na Faransa a 1884, ya sami takardar izinin mulki a 1886 da sunan Royal Niger Company, sai mai saye ya zama ɗaya, mai sayar da bindiga ya zama ɗaya, kuma yana da rundunar kansa a Lakwaja, akasarinta Hausawa da Yarabawa. Daga nan rundunar ta tashi ta ci Bida da Ilori a farkon 1897. Ranar 1 ga Janairu 1900, a Lakwaja, aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila a gaban Gwamna Lugga. Baƙon da aka sauka a zaure ya wayi gari shi ne mai gida.

Fasali na huɗu: Jawabin Abuja

Sarakunan wannan gari sun zo da wani jawabi dabam, wanda asalinsu ya haifar. Muhammadu Makau ya bar Zariya a zamanin jihadi, ya sauka Zuba a ƙasar Koro, ya rasu a yaƙin Lapai a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya kafa birnin a 1828, ya kewaye shi da ganuwa. Mutanen da suka rasa birni ɗaya ba su yarda su yi sakaci da na biyu ba, saboda haka a farkon al'amari aka tsananta tsaron hanyoyi, sai a zamanin Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, aka fara fatauci da Bida da Zariya. Sarki Ibrahim Iyalai, Dodon Gwari, ya kore rundunar Sarkin Zazzau Yero a 1893, Abuja ta tsaya a matsayin ƙasar Hausa da ba a ci ta da yaƙi ba. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun tattara wannan tarihi da Hausa, Frank Heath ya mayar da shi Turanci a 1952.

Sai dai ƙasar Abuja tana kwance ne a kan hanyoyin da suka haɗa kogi da Zariya da Kano, ko ta Koton Ƙarfe, ko ta Loko da Nasarawa da Keffi, kuma mayaƙanta sukan tare ayari a kansu. Abin da yake siyasar tsaron ƙasa a idon fada, fashi ne a idon madugun da aka kwashe masa kaya, kuma hujja ce a hannun mai neman dalilin shiga. Da wannan hujja ta tare hanyar Lakwaja zuwa Zariya sojan Turawa suka shiga Abuja a 1902, Sarki Ibrahim ya rasu a wannan shekara, aka naɗa Muhamman Gani. Ashe ƙaddarar birnin da ke gindin dutsen Zuma, wanda jirgi bai taɓa kusantarsa ba, a bakin ruwan Lakwaja aka ƙulla ta.

Fasali na biyar: Muƙarana

Me ya sa tsarin Japan ya ɗore shekara 200 da ɗoriya, na Bida bai kai 40 ba? Dalili na farko zamani ne: Baturen ƙarni na 17 yana tafe ne da jirgin iska, nesa da gida, ba shi da ƙarfin cin daula, na ƙarshen ƙarni na 19 kuwa yana da jirgin tururi da kwini da bindiga mai ruwa, kuma Japan ɗin kanta ba ta iya tsayawa gaban jirgin tururi ba. Na biyu haɗin kai ne: umarni ɗaya yake bin gaɓar Japan duka, alhali a nan Bida tana da nata lissafi, Igala da nata, Abuja da Zariya kuma takobi ne tsakaninsu. Na uku, wanda na fi ba shi nauyi, ilimi ne. Japan ta sayi bindiga ta koyi ƙera ta, ta sayi littafi ta koyi karanta shi, har ya zama ranar da aka ɓalle ƙofarta ta tarar da mutane a cikinta waɗanda suka san abin da ke tafe. Bida ta sayi makami ba ta mallaki sana'arsa ba, Abuja ta tsare kanta ba ta bar tagar leƙen abin da ke faruwa a kogi ba. A nan kuwa baƙin ne suka duƙufa ga nazarinmu: Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876 da taimakon Dorugu, yaron Damagaram da ya bi matafiyi Barth zuwa Turai, abokin tafiyarsa Abbega ya komo ya yi sarautar Lakwaja, 'yan mishan Brooke da J. A. Robinson suka zo a 1890 suka sa riga da rawani don su kusanci Musulmi, ajali ya ɗauke su cikin shekara biyu. Ɗan'uwan na biyun, C. H. Robinson, ya isa Kano a 1894, ya koma ya rubuta ƙamus. Sun san mu fiye da yadda muka san su, kuma wannan rata ta yi aiki kamar yadda bindiga ta yi.

Wannan gari ya nuna daga baya cewa ya ɗauki darasin. Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, kuma da sunansa aka kira garin Suleja bayan an ba sabon babban birni sunan Abuja, shi ne ya karɓi Michael Cardew a farkon shekarun 1950, aka kafa makarantar ginin tukwane. Cardew almajirin Bernard Leach ne, Leach kuwa a Japan ya koyi sana'ar. Ladi Kwali ta shiga makarantar a 1954, ta ɗauki fasahar gashi da ƙyalli ta baƙo ta aza a kan zanen tukwanen Gbagyi da ta gada, har duniya ta san ta, hotonta yana kan takardar naira 20. An karɓi ilimin baƙo, yumɓu da hannu da basira suka zauna na gida.

Fasali na shida: Abin da mai ziyara zai gani

Mai zuwa Nagasaki a yau zai tarar an sake gina gidajen Dejima da gadarta, an sake tayar da siton Holan a Hirado a 2011, a 2018 kuma Hukumar UNESCO ta sa wurare 12 na Kiristocin ɓoye cikin kayan tarihin duniya. Ƙasar da Kiristocinta ba su wuce kimanin ɗaya cikin ɗari ba ita ce ta yi wannan hidima, domin ta fahimci cewa adana alamar abu ba ya nufin bin aƙidarsa.

Mai tashi daga Suleja kuwa, ya bi ta Zuba da Gwagwalada da Kwali da Abaji da Koton Ƙarfe, ya haye gadar Murtala, cikin rabin yini zai isa inda duk abin da muka ambata ya bar sawu. Daga kan dutsen Patti, inda gidan hutun Lugga yake, zai ga kogunan biyu sun haɗu. A ƙasa zai ga makarantar Holy Trinity, da ƙarafan nan da ake kira ƙarfen 'yanci, waɗanda ake ruwaito cewa bawan da ya taɓa su ya kuɓuta, da maƙabartar Turawa, da ragowar gine-ginen kamfani. A unguwar Kabawa da kewayenta kuma zai yi addu'a a kan kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suka kai can: Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mai waƙoƙi, wanda ya rasu a 1924, da Sarkin Zazzau Kwasau, ɗan Yeron nan da ya kawo wa Abuja yaƙi. Da wanda ya kawo harin da wanda ya kore shi, guguwa ɗaya ce ta kwashe gidajensu a tsakanin 1902 da 1903, kuma a cikin wannan akwai ibra ga mai hankali.

Kammalawa

Musulmin da ya kau da kai daga majami'ar Lakwaja don ba ta addininsa ba ce, ya jahilci ɗaya daga cikin wuraren da aka yi ɗawainiyar sa harshensa cikin boko. Kiristan da ya wuce kabarin Alu bai tsaya ba, ya jahilci farashin da aka biya kafin a kafa ƙasar da yake ciki. Jihar Neja, inda masallaci da majami'a suke maƙwabtaka tun daga zamanin da mishan ɗin SIM ya sauka Wushishi da ƙasar Gbagyi, ta fi kowa bukatar 'ya'yanta su san wannan tarihi da dukan fuskokinsa, domin jahiltar juna ita ce itacen da wutar fitina take ci.

Saboda haka ina gabatar wa wannan zama shawara uku. Ta farko, masarautar Suleja da jami'o'in Jihohin Neja da Kogi su haɗa hannu su bi sawun tsofaffin hanyoyin fatake daga kogi zuwa Zariya, su rubuta zangunansu da mafitansu daga bakin dattawa tun suna raye. Ta biyu, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da masarautun Kano da Zazzau da majami'un da abin ya shafa su ɗauki nauyin gyaran kaburbura da gine-ginen Lakwaja tare, a kafa alluna masu bayani da Hausa da Nufanci da Turanci. Ta uku, a riƙa kai ɗaliban makarantunmu, na boko da na Islamiyya, su ga ragowar ganuwar Abu Ja da makarantar Ladi Kwali, sannan a gangara da su mahaɗar koguna, a karantar da su cewa baƙi ba za su daina zuwa ba, kuma al'ummar da take tsira ita ce wadda ta haɗa kanta, ta san baƙonta, ta koyi abin da ke hannunsa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙon amanar da suka bari.